Daga Fiyano Zuwa Manhaja: Tarihin Na'urorin da Suka Sauya Kiɗanmu

A unguwanninmu na zango, tun daga Nima da Mamobi da Sabon Zango a Akra har zuwa Aboabo da Asawase a Kumasi, da wuya a rasa matashin da ya tara 'yan kuɗinsa yana son ya fara haɗa kiɗa. Tambayar da ke gabansa kuwa guda ce: ya sayi fiyano, wato na'urar da ake taɓawa da yatsu ta fitar da sauti nan take, ko kuwa ya sayi kwamfuta ya zuba mata manhajar da ke kwaikwayon kayan kiɗa iri-iri? Abokai za su ba shi shawara, kowa da gwaninsa. Wani zai ce manhaja ita ce zamani, wani ya ce sautin na'ura ya fi nauyi da armashi.

Wannan gardama ta girmi yawancin masu yin ta. An shafe shekaru masu yawa ana tafka ta a sassan duniya, kuma mu ma muna da namu kaso a cikin labarin. Idan muka bi tarihin daki-daki za mu ga abu biyu suna ta maimaituwa. Na farko, na'urar da ta yi araha har ta iso hannun talaka ita ce ke sauya kiɗan al'umma, ko da masana sun raina ta. Na biyu, kowace na'ura takan zo da kunnen wanda ya ƙera ta, kuma wanda ya ƙera ta bai taɓa zama gaban makaɗin kalangu ba. Duk wanda zai kashe guminsa a kan ɗaya daga cikin biyun ya kamata ya san wannan labari.

Zamanin da na'ura ta yi tsadar gida

A shekarar 1964 wani injiniya Ba'amurke mai suna Robert Moog ya nuna wa duniya na'urar da ke ƙera sauti daga wutar lantarki zalla, ba tsarkiya, ba fata, ba busa. Wuta ce ke kaɗawa a cikinta da saurin da aka zaɓa, sai a tace sautin, a rage masa kaifi ko a ƙara, a tsara yadda zai tashi da yadda zai mutu. Na'urorin farko sun kai girman kabad, cike da wayoyin da ake sokawa nan a zare can, kuma sai jami'o'i da manyan gidajen ɗaukar sauti ke iya sayensu. A 1970 kamfanin ya fito da Minimoog, wadda mutum ɗaya zai iya ɗauka. Duk da haka kuɗinta ya kai kusan dala 1,500 na wancan lokaci, kuma murya ɗaya tak take fitarwa a lokaci guda. A 1979 aka ƙera Fairlight a Ostireliya, na'urar da ke iya naɗar sautin kowane abu ta baza shi a kan maɓallai, sai dai kuɗinta ya isa a sayi gida.

A nahiyarmu, waɗanda suka fara taɓa irin waɗannan kaya mutane ne da hanya ta buɗe musu zuwa waje. Francis Bebey, haifaffen Duwala a Kamaru, ya yi aiki da hukumar UNESCO a Faris, kuma a shekarun 1970 ya riƙa gauraya sautin lantarki da na kayan kiɗan gargajiya a ɗakin da ya keɓe a gidansa. A Inugu, William Onyeabor ya gina ɗakin ɗaukar sauti nasa na kansa har da injin buga faifai, ya fitar da faya-fayai tsakanin 1977 da 1985 waɗanda na'urorin Moog suka cika su.

Wanda labarinsa ya fi kusa da mu shi ne Mamman Sani Abdullahi na Nijar. A nan Akra aka haife shi, kafin iyalinsa su koma Nijar yana yaro. Ya yi koyarwa, ya yi aiki da UNESCO, kuma a wajen wani taro ne ya ga wata na'urar kiɗa mai maɓallai ƙirar Italiya mai suna Orla a hannun wani wakili daga Ruwanda, ya lallashe shi har ya sayar masa. Na'urar ba ta cikin manyan da ake ji da su a Turai. Amma Mamman Sani ya zauna da ita yana neman karin waƙoƙin makiyaya da na mutanen karkarar ƙasarsa a kan maɓallanta. A 1978 ya naɗi kaset a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai, aka buga kwafi kaɗan. Shekaru da dama mutanen Nijar suna jin kiɗansa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, da yawansu ba su san mai shi ba, har sai da kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da aikin a 2013, duniya ta ji. Abin lura a nan shi ne, bai tsaya zaɓe tsakanin na'urori goma ba. Wadda ta faɗo hannunsa ita ya riƙe, ya san ta ciki da waje, ya tilasta mata yin magana da harshen Sahel.

Araha ta taso daga Japan

Farkon shekarun 1980 ne al'amari ya juya, kuma kamfanonin Japan ne suka juya shi. Casio, wanda aka sani da agogo da na'urar lissafi, ya shiga kasuwar kiɗa a 1980 da ƙananan fiyano masu aiki da batir. A 1981 ya fitar da MT-40, abin da manyan makaɗa suka ɗauka kayan wasan yara ne. A cikinsa akwai wani shiryayyen bugu da wata matashiyar ma'aikaciyar kamfanin, Okuda Hiroko, ta tsara. 'Yan shekaru bayan haka wasu matasa a Jamaika, Wayne Smith da Noel Davey, suka danna wannan bugu, suka kai wa mai ɗaukar sauti King Jammy. Waƙar da ta fito a 1985, wadda aka sani da Sleng Teng, ta kifar da tsohon tsarin kiɗan rege. Mawaƙa ɗaruruwa suka hau kan bugun nan guda, masu ɗakunan ɗaukar sauti kuma suka gane cewa ba dole sai sun tara makaɗa shida ba kafin su yi faifai.

Haka ya faru da TR-808, na'urar ganga ta kamfanin Roland. An fito da ita a 1980, aka ce sautinta bai yi kama da ganga ta gaskiya ba, kasuwa ta ƙi ta, aka daina ƙera ta bayan an yi kimanin guda 12,000. Da ta faɗi warwas a shagunan kayan gwanjo, sai matasan baƙaƙen fata na Amurka suka kwashe ta, kuma amon gangarta mai zurfi ya zama ƙashin bayan kiɗan gambarar zamani har zuwa yau.

A 1983 abubuwa biyu suka faru. Yamaha ya fitar da DX7 a kan kimanin dala 2,000, na'ura mai aiki da lissafi irin na kwamfuta, bisa wata dabara da John Chowning ya gano a Jami'ar Stanford, inda ake sa wani sauti ya riƙa girgiza wani har a sami amo irin na ƙararrawa ko na ƙarfe. An sayar da fiye da 150,000. Sai dai tsara sabon sauti a cikinta yana da wuyar gaske, saboda haka yawancin masu ita suka tsaya a kan sautukan da ta zo da su daga masana'anta. Shi ya sa waƙoƙin wancan zamani daga ƙasashe daban-daban suke da amo iri ɗaya, kamar uwa ɗaya ta haife su. A shekarar ce kuma Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland suka jagoranci fito da MIDI, wata yarjejeniya da ta bai wa na'urorin kamfanoni daban-daban damar fahimtar juna ta waya guda. Saƙon da ke bin wayar umarni ne kawai: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, har tsawon wane lokaci. Wannan waya ita ce daga baya ta zama gadar da ta haɗa fiyano da kwamfuta.

Yadda ta same mu a Gana da Kano

A nan Gana, fiyano ya shigo ne a lokacin ƙunci. Bayan juyin mulkin ƙarshen 1981 an kafa dokar hana fitar dare wadda ta wuce shekara biyu, gidajen rawa suka mutu, ga kuma haraji mai nauyi a kan kayan kiɗan da ake shigowa da su. Manyan ƙungiyoyin hailaif masu mabusa da maganga fiye da goma suka kasa ciyar da kansu. Makaɗa da yawa suka yi ƙaura, wasu zuwa Najeriya, wasu zuwa Jamus, musamman Hambug. A Jamus ɗin ne irin su George Darko suka haɗa hailaif da fiyano da gangar lantarki, aka sami salon da ake kira boga hailaif. Da al'amura suka lafa, mai biki ya riga ya gane cewa mutum ɗaya da fiyano da lasifika ya fi ƙungiya guda sauƙin sallama. Zuwa tsakiyar shekarun 1990, lokacin da hiplaif ya kunno kai, kiɗan na'ura ya zama shi ne gida, kuma da shi 'yan Nima irin su ƙungiyar VIP suka shigar da Hausar zango cikin waƙoƙin da duk ƙasa ta rera.

A Kano kuwa fim ne ya buɗe ƙofar. Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, masu shirya finafinan bidiyo suka buƙaci kiɗa mai yawa, cikin sauri, a kan kuɗi kaɗan. Ɗauko makaɗan gargajiya da 'yan amshinsu zuwa ɗakin ɗaukar sauti abu ne mai tsada da ɗawainiya, kuma waƙar soyayya ta saurayi da budurwa da masu kallo suka saba gani a finafinan Indiya ba ita ce sana'ar makaɗan fada ko na noma ba. Fiyanon Yamaha na jerin PSR ya zo daidai kan gaɓa. Yana da ɗaruruwan sautuka, yana da shiryayyun bugu, kuma yatsa ɗaya na hagu ya isa ya tayar da rakiyar kiɗa gaba ɗaya. Sitidiyon Iyan-Tama na cikin waɗanda suka fara aiki da shi. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bayyana a bincikensa yadda matasan makaɗa suka riƙa laluben cikin na'urar suna neman sautin da ya yi kama da sarewa ko bandiri ko kalangu. Da fim ɗin Sangaya ya fito a 1999 waƙarsa ta game ƙasar Hausa, sai kowane furodusa ya ce shi ma irin wannan amo yake so. Kaset-kaset ɗin suka bi motocin goro da na shanu har zuwa zangunanmu, suka shiga gidajen biki da shagunan tela.

A shekarar 1999 ɗin nan ce Alhaji Mamman Shata ya rasu. Ba fiyano ne ya kawo ƙarshen zamanin su Shata ba, domin sarauta da kasuwa da tarbiyyar yara duk sun riga sun soma sauyawa. Amma ya sauya wata ƙa'ida da ta daɗe. A da kiɗa gado ne, ɗan makaɗi ke zama makaɗi, yana farawa da amshi ko ɗaukar ganga shekara da shekaru kafin a ba shi gaba. Da fiyano, ɗan malam da ɗan kasuwa da ɗan ma'aikaci duk suka iya zama makaɗa ba tare da sun durƙusa gaban kowa ba. Ƙofa ta buɗe wa dubban matasa, wannan alheri ne. Sai dai ilimin da ake miƙawa daga hannu zuwa hannu ya rasa masu karɓa da yawa.

Sitidiyo ya koma cikin kwamfuta

A Turai kuma wata hanyar ake sharewa. Kamfanin Steinberg na Jamus ya fitar da manhajar Cubase a 1989, wadda a farko aikinta shi ne ta riƙe umarnin MIDI ta riƙa juya na'urorin da ke waje. A 1996 ya fito da tsarin VST, kuma daga 1999 tsarin ya ba da damar a gina kayan kiɗa sukutum a cikin kwamfuta. A 1997 wani kamfanin Suwidin ya fitar da ReBirth, manhajar da ta kwaikwayi tsofaffin na'urorin Roland, ciki har da 808 ɗin nan da aka raina a da. A ƙarshen shekarar ne kuma Didier Dambrin ya rubuta FruityLoops wa kamfanin Image-Line na Beljiyam, wadda aka sauya wa suna zuwa FL Studio a 2003. Ƙwararru sun yi mata kallon abin wasa, kamar yadda aka yi wa Casio. Amma tana tafiya a kan kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi, kuma yaro zai iya fahimtar jadawalinta cikin yini guda: layuka ne da 'yan akwatuna, ka danna akwati ganga ta buga a wurin.

A 1997 ɗin dai aka fito da Auto-Tune. Wanda ya ƙirƙiro ta, Andy Hildebrand, ya yi shekaru yana nazarin amon da ke dawowa daga ƙarƙashin ƙasa domin masu neman man fetur, sai ya juya lissafin zuwa gyaran muryar mawaƙi. Idan aka matsa mata sosai takan sa murya ta riƙa tsalle daga mataki zuwa mataki da wani amo kamar na ƙarfe. Mawaƙan Hausa sun rungumi wannan amo har ya zama tambarin waƙoƙin nanaye. Tasirin ya tsallaka iyaka: Mdou Moctar, makaɗin jita Ba'abzine daga Nijar, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar a 2008, da gangar lantarki da murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, kuma waƙoƙin suka yaɗu a Sahara daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori.

Wani makaɗin Yamai da ake kira Hama ya bi duka hanyoyin biyu a rayuwarsa. Kundinsa Torodi na 2015 da tsohon fiyanon Yamaha ya yi shi, sannan Houmeissa na 2019 ya gina shi a kwamfuta da FruityLoops. Wanda ya saurari biyun zai ji kayan aiki sun sauya, sauti ya ƙara faɗi da tsabta, amma karin waƙoƙin Sahara da ke kansa yana nan yadda yake. Ko amon gangar nan mai nauyi ta amapiyano, da ta taso daga Afirka ta Kudu ta mamaye gidajen bikinmu, daga wata 'yar manhaja da ke cikin FL Studio aka samo ta, kuma manhajar tana aiki ne da dabarar Chowning, irin ta cikin DX7.

Manhaja ta zo da nata matsalolin. Da yawa daga cikin kwafin da ke yawo a hannun matasanmu na bayan fage ne, ba a biya kuɗinsu ba, kuma sukan zo da cutar da ke lalata kwamfuta ko ta cinye aikin wata shida cikin dare ɗaya. Sayen na halal yana buƙatar katin banki da dala. Sannan ga wuta. Duk wanda ya yi aikin sitidiyo a shekarun dumso, musamman 2014 da 2015, ya san yadda ake zaman jiran wuta da mawaƙi a gefe, kuɗin man janareta yana cinye ribar aikin.

Na'ura ta dawo da sabon farashi

An zaci manhaja za ta binne na'ura, sai ga shi ba haka ba. Makaɗa da yawa sun gaji da kallon allo da jan linzamin kwamfuta, suka yi marmarin abin da za su murɗa da hannu. Kamfanin Korg ya fitar da jerin Volca a 2013, ƙananan na'urori masu aiki da batir shida a kan kimanin dala 150 kowace. A 2018 Behringer ya shigo kasuwa da kwaikwayon Minimoog a kan kimanin dala 300, alhali ta asali tana cin dubbai. A ɓangaren manhaja kuma farashi ya sauka har ƙasa: Dexed kyauta ce, kuma tana karanta sautukan DX7 na asali, Vital, wadda ta fito a 2020, tana da nau'in kyauta mai ƙarfin gaske, BandLab kuwa a wayar hannu ma tana aiki. Abin da ya gagari Mamman Sani da kuɗi a 1978, yau yana cikin aljihun ɗan sakandare.

Abin da babu a cikin akwatin

A nan ne ya kamata mu tsaya mu yi tunani, domin fiyano da manhaja duk a kan ma'auni ɗaya aka gina su. Maɓallan fiyano sun raba sauti zuwa matakai 12 masu tazara daidai wa daida, bisa tsarin Turai. Goge da kukuma ba su san wannan iyaka ba, yatsa yana zamewa a kan tsarkiya ya tsaya inda kunne ya ce ya tsaya, ko da tsakanin maɓalli biyu ne. Kalangu kuwa magana yake yi. Makaɗi yana matse igiyoyinsa a hammata ya saki, fata ta ɗaure ta saki, sauti ya hau ya sauka yadda harshenmu ke hawa da sauka. Hausa harshe ne mai karin sauti: da shi muke bambance kuka na hawaye da kuka ta miya, da wuya ta jiki da wuya ta wahala. Saboda haka ne mai kalangu zai iya kiran sunan mutum da kirarinsa ba tare da ya buɗe baki ba, jama'a kuma su gane. Gutsuren sautin kalangu da aka naɗa aka ɗora a kan maɓalli bugu ɗaya ne da aka daskarar. Zai yi amon kalangu, amma ba zai kira sunan kowa ba.

Haka abin yake a wajen tafiyar kiɗa. Jadawalin da manhaja ke buɗewa da shi gida 16 ne, an raba su huɗu-huɗu. Da yawa daga cikin kiɗanmu na gargajiya suna tafiya ne uku-uku, wani bugu yana saɓa wa wani, makaɗi yana ɗan jinkirtawa ko ya ɗan gaggauta da gangan. Idan aka bar manhaja ta daidaita komai a kan layi, kiɗan zai fito tsaf amma gishirinsa ya tafi. Auto-Tune ma, idan ba a kula ba, takan ja muryar mawaƙi zuwa matakin da ya fi kusa, ta goge 'yan lanƙwashe-lanƙwashen da ke sa a gane waƙar Bahaushe tun daga nesa.

Wasu al'ummomi sun ƙi yarda da wannan. Larabawa da Turkawa sun matsa har Yamaha da Korg da Roland suka ƙera musu fiyano na musamman, masu maɓallan da ke sauke sauti da rubu'in mataki domin ya dace da waƙarsu. A Sudan masu gyara a kasuwa sukan sauya wa fiyano sautuka da bugu domin ya yi kiɗan bikin ƙasar. Mu kuwa mun fi yawan karɓar abin da muka tarar a ciki, mu nemi wanda ya yi kama da namu mu haƙura. Kayan aro kuwa, in ji magabata, ba ya rufe katara. A wannan fage manhaja ta fi ba da dama ga mai himma, domin a cikinta ana iya sauya tazarar matakai, a kashe jadawali, a naɗi makaɗi na gaske tsawon waƙa guda. Fiyano kuma yana da tasa falalar: yana koya wa yatsu da kunne aiki tare, kuma da ƙaramar dabarar lanƙwasa sauti da ke gefen hagunsa, mai haƙuri zai iya kusantar zamiyar goge.

To, wanne za a saya?

Tarihin nan bai ce ɗaya ya fi ɗaya a kowane hali ba, amma ya bar mana ma'aunai. Na farko shi ne inda za a yi kiɗan. Wanda abincinsa ke wajen biki da suna da taro, fiyano mai shiryayyun bugu ya fi masa: ana kunna shi ya tashi, ba ya daskarewa a tsakiyar rawa, kuma idan mawaƙiya ta sauya waƙa yatsu za su bi ta nan take. Wanda burinsa ya naɗi waƙa ya tace ta ya fitar, kwamfuta ce gidansa, domin ko ya sayi na'ura goma a ƙarshe cikin kwamfuta aikin zai ƙare.

Na biyu shi ne kuɗin da ba a gani a ranar saye. Kwamfuta tana buƙatar akwatin shigar da sauti, da makirfo, da abin saurare na kunne mai kyau, kuma bayan 'yan shekaru sababbin manhajoji za su fi ƙarfinta. Na'ura ba ta tsufa ta wannan hanya, fiyanon da aka ƙera shekara 30 da suka wuce yana yin abin da aka ƙera shi ya yi, kuma ranar da aka shiga matsi ana iya sayar da shi a mayar da wani abu. Amma ƙurar hunturu da danshin bakin teku suna cin robar da ke ƙarƙashin maɓallai, wutar da ke hawa da sauka tana ƙona shi, kuma kafin a sayi wata baƙuwar na'ura ya kamata a tambaya ko akwai mai gyaranta a garin. Ƙananan na'urori irin su Volca suna da daɗin wasa da koyon yadda ake ƙera sauti, sai dai kowace aiki ɗaya ta iya, ba za ta riƙe biki ba, ba kuma za ta gama waƙa ita kaɗai ba.

Na uku, akwai hanyar tsakiya da wayar MIDI ta buɗe tun 1983. Tsohon fiyano na hannu, in dai yana da wannan kafa ko ta USB, zai yi biki da rana, da dare kuma a jona shi da kwamfuta ya juya kowace manhaja. Ga mai ƙaramin ƙarfi, wannan ya fi sayen sabon abu mai tsada, kuma manhajojin kyauta sun isa a fara da su ba tare da an taɓa na sata ba.

Abin da ya rage bayan an yi sayayya shi ne kasafin da ba kasafai muke warewa ba. A fadar sarakunan zangunanmu har yanzu akwai masu tambari da algaita da kakaki, a unguwanni akwai masu kalangu da goge da mata masu kiɗan ƙwarya, kuma yawancinsu sun manyanta. Matashin da ya ware wani abu daga kuɗin na'urarsa ya gayyaci ɗaya daga cikinsu zuwa sitidiyo, ya biya shi hakkinsa, ya naɗe shi yana kiɗa cikakke, ya rubuta sunansa a jikin waƙar, ya kuma zauna ya tambaye shi sunan kowane bugu da lokacin da ake yin sa, zai fita da abin da babu shi a cikin kowane fiyano ko manhaja da ake sayarwa a duniya. Kamfanonin Japan da Jamus sun yi nasu aikin, sun sauko da farashi har ya iso gare mu. Zuba kalangu da goge da karin harshenmu a cikin waɗannan na'urori aiki ne da ya rage a wuyanmu, kuma gara a fara shi tun dattawan da suka san kiɗan suna raye.